Labarin Albert Namatjira, Mai Zanen Duwatsun Ƙasar Aranda, Da Yadda Aka Yi Wa Aikinsa Kuɗi

Wannan shi ne labarin wani mutum ɗan kabilar Aranda, cikin mutanen asali na ƙasar Ostireliya, sunansa Albert Namatjira. Ya rayu shekara 57, ya bar zane kimanin 2,000 na duwatsu da ƙoramu da itatuwan ƙasarsu. A zamaninsa babu wani ɗan asalin ƙasar nan da sunansa ya yi nisa kamar nasa, har an kai shi gaban Sarauniyar Ingila sun gaisa. Duk da haka ya mutu ba shi da gida cikin gari, kamar wata uku bayan ya gama zaman horon da alƙali ya yanke masa. Shekara 24 bayan rasuwarsa aka sayar da haƙƙin buga dukan zanensa a kan dala 8,500. Da aka ƙara shekara 34 kuma aka mayar wa jikokinsa da shi a kan dala guda tak. Wanda ke son ya san yadda a ke lissafa kayan fasahar wata al'umma a yi musu kuɗi, da wanda ke cin riba, da wanda ke tashi hannu wofi, to, ga labari.

Mai karatu ya sani Ostireliya ƙasa ce mai faɗin gaske, teku ya kewaye ta. Manyan biranenta galibi suna bakin ruwa, tsakiyarta kuwa hamada ce, jar ƙasa da duwatsu da ƙoramun da ba su kawo ruwa sai an yi shekara mai albarka. Mutanen asali suna zaune cikinta tun fiye da shekara 50,000, kabila-kabila, kowace da harshenta da iyakar ƙasarta. Turawan Ingila sun sauka a 1788, suka yi ta ci gaba da shanu da tumaki suna kama rijiyoyi da wuraren kiwo, har suka iso tsakiya. A 1877 waɗansu Jamusawa 'yan mishan na ɗarikar Luta suka kafa zango a bakin kogin Finke, kimanin mil 80 yamma da inda garin Alice Springs ya ke yanzu. Suka sa masa suna Hermannsburg, su kuwa Aranda suna kiran wurin Ntaria.

A nan aka haifi yaron ran 28 ga Yuli 1902, aka raɗa masa suna Elea. Sunan ubansa Namatjira, ma'anarsa gara mai fiffike, watau shinge. A 1905 iyayen suka shiga addinin Kirista, uban ya zama Jonathan, uwar ta zama Emilie, yaro kuma ya zama Albert. Ya yi makarantar mishan, ya koyi karatu da rubutu. Amma da ya kai shekara 13 dattawan kabila suka tafi da shi daji wata shida, suka yi masa abin da a ke yi wa samari kafin a lissafa su cikin maza, suka koya masa labarin ƙasa.

Tilas a tsaya a nan kaɗan, domin wanda bai gane wannan ba ba zai gane sauran labarin ba. Ga Aranda, dutse ba dutse ba ne kawai. Sun gaskata kakanninsu na farko sun ratsa ƙasa tun asali, inda suka kwana ya zama tafki, inda suka yi faɗa ya zama kwazazzabo, inda suka shige ƙasa ya zama tudu. Kowane wuri yana da suna, yana da waƙa, yana da mutanen da ke riƙe da shi ta wajen uba da waɗanda ke duba shi ta wajen uwa. Suna da waɗansu allunan dutse da na itace masu zane, su na kiransu curunga, a na ɓoye su cikin kogo, mace ko yaron da bai shiga daji ba ba ya ganinsu. Ashe tun kafin Bature ya zo da littafi da lamba, mutanen nan suna da daftarinsu na ƙasa da na kayan tarihi, sai dai a ka ya ke.

Sa'ad da Albert ya kai kamar shekara 18 ya ga wata yarinya, Ilkalita, ya so ta. Aranda kuwa sun kasa mutane rukuni-rukuni, kowa da rukunin da ya halatta ya yi aure ciki, ita kuma ba ta cikin nasa. Suka gudu. Ya yi shekaru yana yawon neman abinci a gidajen kiwo na Turawa, ya kuma yi aikin jan raƙuma. A wannan zamani kayan tsakiyar Ostireliya duk a kan raƙumi su ke tafiya, masu ayarin kuwa Musulmi ne daga Afganistan da arewacin ƙasar Hindu, waɗanda suka gina masallatai a garuruwa kamar Marree da Adeled. Jirgin ƙasa bai iso Alice Springs ba sai 1929. Cikin wannan tafiye-tafiye Albert ya ga ƙasa da idonsa, ya san inda ruwa ya ke, ya san launin kowane dutse da hantsi da la'asar. A 1923 suka komo Hermannsburg, aka yi wa matar baftisma da sunan Rubina, mishan ta tabbatar da aurensu.

Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. Fari ya daɗe, ɗanyen abinci ya ƙare, wata cuta da rashin ganye da 'ya'yan itace ke kawowa ta kashe yara da yawa a zangon. Shugaban mishan na lokacin, Fasto Albrecht, ya shiga neman sana'ar da za ta kawo wa mutane kuɗi. Aka fara jima, aka fara sassaƙa. Albert ya riga ya iya ƙira da aikin kafinta, sai ya shiga yanka itacen mulga fale-fale, yana goge shi, yana ƙona masa zane da ƙarfe mai zafi, kamar yadda masu gyaran ƙwarya ke yi. A 1932 wani ɗan sanda Bature ya sa shi ya yi masa guda 12, kowanne sule 5. Wannan shi ne farashin farko da aka sani an yi wa aikin hannunsa.

A 1934 waɗansu masu zane biyu daga jihar Biktoriya, Rex Battarbee da John Gardner, suka iso Hermannsburg, suka jera zanensu a ɗakin makaranta domin mutanen gari su gani. Battarbee tsohon soja ne, an yi masa mummunan rauni a Faransa a 1917, hannuwansa suka nakasa har aikin gona ya gagare shi, ya koma zane. Fentinsa irin wanda a ke damawa da ruwa ne a shafa a takarda da buroshi. Aranda suka yi ta kallo, gama duwatsunsu ne suka gani a takarda. Albert ya nuna yana so ya koya. Da Battarbee ya komo a 1936 suka yi ciniki: Albert ya ja masa raƙuma ya nuna masa wurare, shi kuma ya koya masa sarrafa fenti. Wata biyu suka yi cikin duwatsun MacDonnell da kwarin da a ke kira Palm Valley. Iyakar karatun da ya yi ke nan a wannan fanni, ba ƙari.

Abin da ya fito daga hannunsa ya ba malaminsa mamaki. Ya kan sa farin itace a gaba, irin dangin itacen turare mai santsin jiki, sa'an nan fili, sa'an nan duwatsu a can nesa, ja da shuɗi da ruwan makuba, kowane kwari da inuwarsa. Fentin ruwa ba ya yafe kuskure, in hannu ya goce ba a gogewa, ga shi kuma iskar hamada tana busar da takarda nan da nan. A 1937 Albrecht ya tafi da zanensa 10 wurin taron 'yan ɗarikarsu a Ostireliya ta Kudu, Battarbee kuma ya sa uku cikin wani nuni a Adeled. A watan Disamba 1938 aka yi masa nuni shi kaɗai a birnin Melbon, matar Gwamnan jihar ta buɗe. Zane 41 aka rataya, cikin kwana uku ba sauran ko ɗaya. A lokacin nan ne ya ɗauki sunan ubansa ya haɗa da nasa. A 1939 gidan ajiye zane na gwamnati a Adeled ya sayi zanensa na dutsen Haasts Bluff, shi ne karo na farko da irin wannan gida ya sayi zanen fenti na ɗan asalin ƙasa.

To, da kasuwa ta buɗe sai matsala ta biyo ta. 'Ya'yansa, Enos da Oscar da Ewald, daga baya Keith da Maurice, suka kama buroshi. Haka Walter Ebatarinja da 'yan gidan Pareroultja da waɗansu da dama, har aka san su da sunan makarantar Hermannsburg. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suka cika Alice Springs, bayan yaƙi kuma 'yan yawon buɗe ido suka soma zuwa, kowa yana son ya koma gida da takarda mai sunan Namatjira. Aka sami masu tare mai zane a hanya su karɓe aikinsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka sami masu yin jabu su sa masa suna. Saboda haka aka kafa wata majalisa mai duba zanen Aranda, Battarbee ya shugabance ta daga 1951. Aikinta shi ne ta ga kowane zane kafin ya fita, ta zaɓi mai kyau, ta yanka masa kuɗi, ta buga masa hatimi a baya domin shaida cewa na gaske ne.

Wannan hatimi ya zama abin dogara ga masu lissafin kayan tarihi har yau. In an kawo zane aka ce na Namatjira ne, mai lissafi ba ya fara da kallon gaba, ya kan juya baya tukuna. Ya duba ko da hatimi, ko da rubutun fensir na Battarbee, ko da takardar kantin da ya fara sayarwa. Ya auna tsawo da faɗi, ya duba irin takardar. Ya dubi sa hannu, gama zanen farko-farko Albert kawai ya ke rubutawa, cikakken suna kuwa sai daga 1938. Shi mai zanen bai cika rubuta shekara ba, sunayen da ke kan zane da yawa kuma waɗansu ne suka laƙaba musu, saboda haka a kan gwada da littattafan nune-nunen da aka yi da kuma abin da Battarbee ya rubuta cikin littafinsa na kullum. Sa'an nan a bi salsalar zanen, daga hannun wa ya fito zuwa hannun wa, kamar yadda a ke bin asalin doki. A ƙarshe a duba lafiyarsa, domin fentin ruwa in ya daɗe rataye inda rana ke bugawa ya kan kwashe, shuɗin duwatsu ya koɗe, kuɗinsa ya faɗi ƙasa warwas. Duk wannan a rubuta cikin daftari, a ba shi lamba, a ɗauki hotonsa.

Majalisar ta yi amfani, ba shakka, ta kare masu zane daga 'yan damfara. Sai dai a faɗi gaskiya, Turawa ne ke zaune cikinta suna yanka wa aikin Aranda kuɗi, suna kuma da baki a kan yadda za a riƙe kuɗin. Mai zane ya iya sarrafa launi har a yaba masa a Landan, amma ba a amince ya iya riƙe aljihunsa ba.

Sunansa ya ci gaba da tashi. A 1944 aka sa shi cikin littafin sanannun mutanen Ostireliya, aka kuma buga littafi a kan fasaharsa. A 1947 aka yi sinima a kansa, aka kuma aika wa Gimbiya Elizabeth da zanensa ran da ta cika shekara 21. Da ta hau gadon sarauta aka ba shi lambar naɗinta a 1953, a 1954 kuma aka kai shi Kanbera suka gaisa, shekara biyu kafin ta zo Nijeriya a yi mata hawan daba a Kaduna. A 1956 wani mai zane, William Dargie, ya zana surarsa, ya ci kyautar Archibald da ita, wadda ita ce babbar kyautar zanen surar mutum a ƙasar. Kwafin zanensa ya shiga gidaje da makarantu da ofisoshi ko'ina, a kalanda da katin gaisuwa.

Manyan masana fasaha na Sidni da Melbon kuwa suka ɗaga hanci. A ganinsu kwaikwayon Bature ne kawai, abin rataya a falon talaka, shugabannin manyan gidajen zane na biranen nan suka yi ta ƙin saye. Waɗansu kuma suka ɗauke shi hujja cewa ɗan asalin ƙasa zai iya barin al'adarsa ya narke cikin ta Turawa, wadda ita ce manufar gwamnati a lokacin. Duka biyu sun yi kuskure iri ɗaya, sun dubi fentin sun manta da abin da aka zana. Mutumin nan ƙasar ubansa da ta uwarsa ya ke zanawa, yana komawa wuri guda sau da yawa, Dutsen Sonder da Glen Helen da bakin Finke, wuraren da ya san sunansu da waƙarsu da haƙƙin da ke kansa game da su. Ya ari kayan aikin baƙo ya rubuta shaidar mallakar ƙasa, masu ƙasa suna gani suna ganewa, masu saye suna ganin kyan duwatsu kawai.

Kuɗi sun shigo masa da yawa, amma ba su zauna ba. A al'adar Aranda abin da mutum ya samu na dangi ne, ba a hana ɗan'uwa abinci, har ya zama ɗaruruwan mutane suna ci daga buroshinsa. Gwamnati kuma tana karɓar harajin samu daga gare shi, alhali ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Ya nemi izinin filin kiwo domin ya sa shanu, a 1949 zuwa 1950, aka hana shi. A 1951 ya so ya gina gida a Alice Springs, aka hana, domin doka ba ta yarda ɗan asalin ƙasa ya kwana cikin gari ba. Ya koma wani busasshen rafi a bayan gari, Morris Soak, ya zauna cikin bukkokin kwano da buhu tare da danginsa. Mutumin da zanensa ke fadar Sarauniya ke nan.

A 1957 hukumar Yankin Arewa ta buga wani daftari mai sunayen 'yan asalin ƙasa fiye da 15,000, ta ce dukansu suna ƙarƙashin riƙonta kamar marayu: ba su tafiya, ba su aure, ba su sarrafa dukiya sai da izini, ba su kuma shan barasa. Jaridun kudu sun daɗe suna kuka a kan halin da Namatjira ke ciki, saboda haka aka bar sunansa da na Rubina a waje. Da haka ya sami 'yanci irin na Bature. Amma 'ya'yansa da sauran danginsa duk suna cikin daftarin. Doka ta halatta masa sayen barasa, ta haramta masa miƙa wa ɗan'uwa, al'ada kuwa ta haramta masa hanawa. An ɗaure shi da igiya biyu, kowace tana ja nata waje.

Abin da a ke tsoro ya auku a 1958. Shaye-shaye ya yi yawa a Morris Soak, har aka kashe wata mace cikin rigima. Ba shi ya kashe ta ba, amma alƙali ya ja masa kunne a kan barasar da ke shiga zangon. Ba a daɗe ba aka kama shi, aka ce ya bar kwalba inda wani ɗan'uwansa mai zane, Henoch Raberaba, ya ɗauka ya sha. Aka yanke masa wata shida da aiki mai tsanani. Ƙasa ta ɗauka, jaridu suka yi ca. Da aka ɗaukaka ƙara aka rage zuwa wata uku, Babban Kotun ƙasa kuma ya ƙi sauraron ƙara ta gaba a watan Maris 1959. Minista Paul Hasluck ya ba da umurni kada a sa shi kurkuku, a kai shi zangon Papunya ya yi zamansa a can. Ya yi wata biyu aka sallame shi. Amma zuciyarsa ta riga ta karye, ya daina yawan magana. Ciwon zuciya ya kama shi, ciwon huhu ya hau kai, ya rasu a asibitin Alice Springs ran 8 ga Agusta 1959. Albrecht ne ya yi masa addu'ar binnewa. Shekara takwas bayan haka, a 1967, mutanen Ostireliya suka jefa ƙuri'ar raba gardama, fiye da kashi 90 cikin 100 suka yarda a riƙa lissafa 'yan asalin ƙasa cikin ƙidayar jama'a.

Saura batun gado, wanda ya fi kowanne tsawo. Mai karatu ya lura, zane yana da dukiya biyu a jikinsa. Akwai takardar kanta, wadda in an sayar ta tafi ke nan. Akwai kuma haƙƙin buga kwafinta, wanda ke zama na mai zane da magadansa, duk wanda zai buga a littafi ko kalanda sai ya biya. Takardun Namatjira sun riga sun watse cikin duniya, abin da ya rage wa iyalinsa shi ne wannan haƙƙi. A 1957 ya yi yarjejeniya da John Brackenreg, mai kamfanin ɗab'i na Legend Press a Sidni, kamfani ya buga, shi kuma a ba shi kashi 12 da rabi cikin 100. Bayan rasuwarsa dukiyar ta shiga hannun ma'aikacin gwamnati mai riƙon gadon matattu, kason yana isa ga Rubina har ta rasu a 1974, sa'an nan ga 'ya'ya. A 1983 wannan ma'aikaci ya sayar wa kamfanin da haƙƙin ɗungum a kan dalar Ostireliya 8,500, ba a shawarci iyalin ba. Daga baya shi da kansa ya amsa cewa kuskure ne. Tun daga ranar ko anini bai ƙara shiga hannun zuriyar Namatjira ba har shekara 34. Wannan shi ne haɗarin yi wa kayan al'umma kuɗi a ofis, masu kaya ba su nan: an dubi abin da haƙƙin ya kawo cikin 'yan shekarun da kasuwarsa ta kwanta, aka ɗauka iyakarsa ke nan.

Kasuwar kuwa ba ta mutu ba. A Papunya, inda aka tsare shi, dattawa suka soma zana labarin ƙasarsu da ɗige-ɗige a kan katako a 1971, da taimakon wani malamin makaranta, Geoffrey Bardon, suka kafa kamfaninsu a 1972. Wannan zane ya zagaya duniya, ya kuma koya wa masana su tambayi abin da ke ƙarƙashin fenti. Da suka waiwayi Namatjira da wannan ido sai suka ga abin da magabatansu suka tsallake. A 1982 aka mayar wa Aranda da ƙasar Hermannsburg. A 2002, shekara 100 da haihuwarsa, babban gidan zane na ƙasa a Kanbera ya tattara aikinsa daga hannun gwamnati da na masu zaman kansu, wata masaniya Alison French ta shirya nunin da littafinsa, aka zagaya da shi jihohi. An buga kan sarki da sunansa a 1968 da 1993 da 2002. A 2022 aka yi gwanjon zanensa na Glen Helen a Melbon a kan fiye da dala 120,000, takarda guda ta ninka kuɗin da aka sayar da haƙƙin dukan aikinsa har sau 14.

Daftarin ma ya sake kama. A da a kan rubuta sunan da Bature ya sa wa dutse a wuce. Yanzu masu lissafi su kan koma ga zuriyar masu zane su tambayi sunan wurin da harshen Aranda, da wanda ke da haƙƙin magana a kansa, da ko akwai abin da bai kamata a buga ba. Curunga da waɗansu masu bincike suka tara a ƙarnin da ya wuce, kamar waɗanda ke cibiyar Strehlow a Alice Springs, an lissafa su an ba su lamba, amma suna kulle, ba a nuna wa kowa sai wanda al'ada ta ba izini. Doka kuma ta ƙaru: daga 2010, in aka sake sayar da zane a kasuwa a kan dala 1,000 ko fiye, mai zane ko magadansa suna da kashi 5 cikin 100, bisa sharuɗɗan da aka gindaya. Ba kome aka iya cetowa ba. Waɗansu fararen itatuwa biyu a gefen hanya yamma da Alice Springs, waɗanda ya sha zanawa, a na shirin shigar da su daftarin kayan tarihi sai aka iske an ƙone su a watan Janairu 2013.

Jikokinsa ba su bar sana'ar ba. Suna da cibiyarsu a Alice Springs, Iltja Ntjarra, ma'anarta hannuwa da yawa, inda su ke zane da fentin ruwa su kuma sayar da kansu. Wata ƙungiyar wasan kwaikwayo, Big hART, ta haɗa kai da su, ta yi wasa a kan rayuwarsa daga 2010, ta kai shi har Landan a 2013, inda biyu daga cikin jikokin suka gana da Sarauniyar da kakansu ya gaisa da ita. Suka yi ta neman haƙƙinsu shekara da shekaru. A watan Oktoba 2017 wani attajiri, Dick Smith, ya shiga tsakani, iyalin Brackenreg suka yarda suka mayar da haƙƙin ga asusun amana na zuriyar Namatjira a kan dala 1, shi kuma attajirin ya zuba dala 250,000 cikin asusun. Jikanyarsa da ta ja gaban neman ta rasu 'yan kwanaki bayan an sa hannu. A 2018 gwamnatin Yankin Arewa ta biya diyya. A 2020 tattaɓa-kunnensa, Vincent Namatjira, ya ci kyautar Archibald, shi ne ɗan asalin ƙasa na farko da ya ci ta, shekara 64 bayan da surar kakansa ta ci wa wani.

Bisa dokar Ostireliya haƙƙin bugawa yana ƙarewa shekara 70 bayan mutuwar mai aiki. Na Albert Namatjira zai ƙare a ƙarshen 2029, daga nan kowa ya iya buga zanensa ba da biyan kome ba. Watau sa'ad da aka mayar wa iyalinsa da shi, shekara 12 kaɗai ta rage.